Oga ya ce a sayo jirgi marar matuƙi don duba gini: a saya ko a dakata?

Mai Duba Aiki ya rubuta:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa magina da injiniyoyin da ke wannan zaure, shawara na zo nema, kuma maganar tana da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Ni ke kula da wani bene mai hawa shida da muke ɗagawa a nan Kano, can ciki bayan Titin Gidan Zoo. Mun zuba dekin na ƙarshe tun kafin azumi, yanzu filasta ake yi ta waje. Gaban ginin bai dame ni ba, don in na tsaya a bakin titi ina ganin kowa da abin da yake yi. Bayan ginin ne matsalar. Tsakaninmu da katangar maƙwabta bai kai mita 2 ba, kuma a wannan ɗan lungun aka ɗaura gadon gora tun daga ƙasa har sama. In kana ƙasa ka ɗaga kai, cikin katako kawai kake gani. Sai dai in hau in riƙa leƙawa ta tagogi hawa-hawa, ko in fita kan gadon da kaina, ni kuwa gwiwata ta hagu ta fara tuna mini shekaruna.

Ranar Alhamis ta makon jiya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina lissafin buhunan siminti da mai sito sai na ji ƙara tim, sai salati. Wani mai filasta ne a hawa na huɗu ya taka bakin katako, katakon ya ɗaga ta ɗaya gefen. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ya cafki gora ya yi lilo har abokansa suka jawo shi ta taga. Kafaɗarsa ta goce, amma ransa na nan. Kwanon sarkin da ke gabansa cike da kwaɓi ya taho ƙasa, ya dira kusa da yaron da ke ɗebo mana ruwa, tazarar ba ta fi taku biyu ba. Da na hau na duba, sai na tarar wayar da ta ɗaure bakin katakon ba ta nan. Wani ya kwance ta ya je ya yi wani aikin da ita, kuma har yau ba wanda ya ce shi ne. Abin da ya fi ci mini rai, ranar Litinin na taka wannan katakon da ƙafata, lafiya ƙalau yake.

Na kira Oga na faɗa masa, shi yana Abuja. Washegari sai ga bidiyoyi yana turo mini ta WhatsApp, na wasu manyan gine-gine a ƙasashen waje inda ake tada jirgi marar matuƙi ya zaga gini kowace safiya. Ya ce in nemo farashi, a saya mini ɗaya, in koyi tuƙi, in riƙa turo masa bidiyo kullum kafin ƙarfe tara. Oga mutumin kirki ne, amma in abu ya burge shi yau, jiya yake son sa.

Ni ban taɓa riƙe rimot ɗin abin ba, a wurin biki kawai nake ganinsa yana shawagi a kan amarya. To, waɗanda suka taɓa aiki da shi, tsakani da Allah, zai nuna mini irin wannan wayar da aka kwance? Akwai wata takarda da ake nema kafin a tada shi, ko saye kawai ake yi a tashi? Sannan ga leburorina, labari ya riga ya kai musu, har na ji wani yana cewa za a kawo musu ɗan sandan sama. Wanda ya san wani abu ya taimaka.

Matuƙin Ƙasa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kiyaye gaba, ya ba mai kafaɗa lafiya. Sana'ata ke nan shekara shida, na faro daga ɗaukar biki, yanzu yawancin aikina awon fili ne da duba gine-gine a Abuja da Kaduna. Bari in ba ka amsar tambayarka ta farko kai tsaye: wayar da babu ita kwata-kwata, zai iya nuna maka in kyamarar tana jawo abu kusa kuma mai tuƙin ya san inda zai duba. Wayar da tana nan amma ta yi sako-sako, ba zai nuna maka ba. A hoto, ɗauri mai kyau da ɗaurin ganin ido kamarsu ɗaya.

Inda yake cin kuɗinsa shi ne abin da ake gani daga sama. Katakon da aka zare daga gado aka bar gurbi. Bakin dekin da ba a tokare ba. Ramin lifta ko na bututu da aka rufe da guntun kwano. Bulo da aka jibge a gefe guda har ya yi wa gado nauyi. Gorar da ta fara karkata ta rabu da bango, wadda in kana kanta ba za ka lura ba, amma daga sama sai ka ga layin ya yi ciki kamar baka. Na taɓa gano wa wani ɗan kwangila cewa rodin da yaransa ke jawowa sama yana wucewa dab da wayar wuta mai ƙarfin 11kV. Shi kullum ta ƙasa yake kallo, yana ganin kamar da tazara. A minti goma sha biyar zan zaga maka hawa shida ɗin nan, aikin da zai ci maka awa ɗaya da gwiwa.

Amma lungun nan naka mai faɗin ƙasa da mita 2, kada ka bari kowa ya shigar da jirgi ciki. Abin yana tsayawa cak a sama ne saboda yana jin tauraron ɗan'adam. Da ka cusa shi tsakanin bango da bango sai sadarwar ta yi rauni, ya fara sulalewa gefe da kansa, ga iskar fukafukansa tana bugun bango tana dawo masa. Na'urar da ke hana shi karo tana ganin bango da bishiya, amma siririyar waya da igiya da tsinin rodi sau da yawa ba ta ganinsu. Abin da ake yi shi ne a tsaya a can waje, sama da katanga, a jawo hoton kusa. Shi ya sa ƙananan nan na DJI Mini masu nauyin giram 249, da 'yan biki ke so, ba su cika yin wannan aikin ba. In ka jawo hoto da su sai ya dagargaje. Wanda ya dace shi ne irin Mavic 3 Enterprise, mai kyamara ta biyu don hangen nesa, har kan ƙusa za ka gani. Kuɗinsa kuwa miliyoyi ne, kuma da dala yake tashi yake kwanciya.

Ga wani karatu da na biya kuɗinsa da aljihuna. A farkon fara aikin gini, na ga dekin a share fes, na ce nan ne wurin tashi. Ashe rodin da ke cikin kankare yana rikita na'urar da ke nuna masa gabas da yamma. Ya nuna mini gargaɗi a allo, na yi kunnen uwar shegu da shi don injiniya na tsaye a kaina yana duba agogo. Yana tashi ya fara zagaye kamar kazar da aka yanka, ya je ya rungumi rodin fila. Fukafukai biyu da kyamara suka tafi. Tun daga ranar a ƙasa nake tashi, nesa da ƙarfe, a kan ɗan faifan katako saboda ƙura.

Sai zafi. Kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta cewa iyakarsa digiri 40, kai kuma ka san Kano a watan Afrilu. Ka tashi da sassafe, kafin tara. Minti 45 da suka rubuta wa batir, kai ka lissafa talatin. Kada ka bar batir a mota a rana, kumbura yake yi, wanda ya kumbura kuma ya tashi daga aiki. Lokacin hunturu hazo yana cinye hoto, ƙura tana shiga injin. Farkon damina in ka ga gabas ta haɗe, sauko da shi tun kafin iskar ta iso. Shirwa ma ba ta ƙaunarsa, ta bi nawa fiye da sau uku.

Shawarata, kada ka saya yanzu. Ɗauki hayar mai takarda ya zo sau biyu ko uku, ka tsaya kusa da shi kana nuna masa inda zai duba, don shi tuƙi ya iya, kai ka san gini. In ka ga amfanin, sai a yi maganar saye.

Tsohon Birkila ya amsa:

Jikana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Na kama cokali tun zamanin Audu Bako, na ajiye shi da idona ya yi rauni.

Yaro, ka ce ka taka katakon ranar Litinin, ya zame ranar Alhamis. To Talata da Laraba wa ya taka shi kafin ma'aikata su hau? A nan maganar take. Mu a da, babban magini ba ya barin kowa ya hau gado da safe sai ya bi shi da hannu. Ya kama gora ya girgiza, ya taka bakin kowane katako yana riƙe da wani abu, ya murɗa ɗauri ya ji ko ya saki. Gora tana bushewa ta tsuke, ɗaurin da ka yi da ƙarfi ran Asabar sai ka same shi yana wasa ran Talata, balle a wannan bazarar. Wannan hannu ne yake sani. Jirginku yana da hannu?

Ban ce kada ku saya ba, zamani riga ne. Amma ina jiye muku abu biyu. Na ɗaya, mutum yana kan gado a hawa na huɗu, hannu ɗaya da cokali, ɗaya da katakon shafa, sai ya ji abu yana kuka a bayan kunnensa kamar tarin zuma. Dole ya waiga, ɗan'adam ne. Waigen nan kuwa shi ne faɗuwa. In za ku tada shi, ku tada kafin a hau, ko lokacin da aka sauko cin abinci.

Na biyu ya fi girma, kuma ban ji ka ambace shi ba. Ka ce katangar maƙwabta na bayanka. Me ke bayan katangar? Tsakar gida ce. Matan aure ne ke wanki da girki da ɗaurin ƙirji, ga makewayi wani ko rufi babu. Mu ko rufin soro za mu hau gyara, sai an aika yaro gida-gida ya ce a gafara, za a hau sama, mata su kintsa. Wanda ya hau bai yi sallama ba, ranar zai kwana da maganar a ƙofar mai unguwa. Ku da kuka ɗaga hawa shida a kansu, na tabbata dama a cike suke da ku, haƙuri kawai suke yi. Sai kuma su wayi gari su ga abu mai ido yana tsaye a saman gidansu? Wanda ya ce maka a tsaya sama da katanga a jawo hoto, to saman gidan wa ke nan? Yaran unguwa da danƙo za su sauko muku da shi, kuma ba wanda zai ba ku gaskiya.

Ka je wurin mai unguwa tukuna. Ka tafi da goro.

Matuƙin Ƙasa ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, wannan gaskiya ce, kuma ni na yi tuya na manta albasa. A Abuja yawancin inda nake aiki fili ne ko ofisoshi ke kewaye. Malam, a gyara maganata: a tsaya daga kusurwar ginin ta ɓangarenku, ko sama da rufinku, a karkata kyamara ta kalli bango. Kada jirgin ya tsallaka katanga ko da taku ɗaya.

Injiniya 'Yar Zazzau ta amsa:

Sannu Malam, Allah ya tsare. Zan taɓa maganar takarda, sannan in faɗi abin da wataƙila Oganka ba zai so ji ba.

Ba saye kawai ake yi a tashi ba. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tada irin waɗannan jirage ba tare da izini ba, kuma wanda zai yi aikin kuɗi da shi yana bukatar takardar hukumar da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Shigo da shi ƙasar ma akwai takardar da ake karɓa daga wannan ofishin. Ka'ida ita ce kada ya wuce ƙafa 400 a sama, wato kimanin mita 120, kuma kada ya ɓace wa idon mai tuƙi. Tsayin ba zai dame ka ba, hawa shida bai fi mita ashirin da 'yan kai ba. Abin da za ka kula da shi a Kano shi ne filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, ga barikin soja, ga gidan gwamnati. Na san da yawa suna tashi ba takarda kuma ba abin da ya same su. Amma ranar da ya faɗo wa wani a ka, tambayar farko da za a yi maka ita ce ina izini, kuma sunanka za a rubuta, ba na wanda ke Abuja ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗaukar hayar mai takarda. Ka ce ya nuna maka ita, kada ka yarda da "akwai, tana ofis".

Yanzu ga ɗaya maganar. Yaron nan da ya yi lilo, yana ɗaure da bel ɗin kariya? Na san amsar, don da yana ɗaure da ka faɗa. Gadon yana da sandar da ke tare mutum ta baya? Akwai katakon da ke tare kaya a gefen ƙafa, wanda da yana nan kwanon sarkin ba zai gangaro ba? Yaron ruwa yana da hular kwano? Me ya kai shi ƙarƙashin masu aiki? Kuɗin jirgin nan guda ɗaya zai sayi bel da igiya da hula ga duk wanda ke hawa, ya ɗauki hayar gadon ƙarfe na lungun bayan, a yi canji. Idan aka sayi jirgi aka bar waɗannan, abin da Oga zai samu kullum kafin ƙarfe tara shi ne kyakkyawan bidiyon mutane suna aiki ba kariya.

Kuma ya sani bidiyon nan shaida ce. In jirgi ya ɗauki bakin dekin a buɗe ran Litinin, aka tura masa, ya gani ya yi shiru, ran Laraba wani ya faɗo, to babu sauran "ban sani ba". Ni a wurina wannan alheri ne. Amma ka zauna da shi ku yi maganar tun yanzu: in hoto ya nuna matsala, kana da ikon tsayar da aiki a take ba sai ka kira Abuja ba? Wa zai biya leburori kuɗin yinin da aka tsaya? In ba a amsa wannan ba, ba abin da zai canja. Na yi aiki a wani wuri inda ake tada jirgi duk Juma'a, hotuna sun cika kwamfuta, ba mai buɗewa sai in za a nuna wa mai kuɗi yadda aiki ke ci gaba.

Kada kuma a ɗauka yana ganin cikin kankare. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya kashe mutum fiye da 40 har da mai ginin, ta waje kyakkyawa ne, da ka ga hotonsa sai ka yi sha'awa. Ku ma a Kano kun ga na titin Beirut a Agustan 2022, ana cikin gininsa ya zube. Yawan siminti a kwaɓi, kaurin rodi, ranar da aka cire tokaran dekin, gwajin kankare na kwana 7 da na kwana 28, duk ba aikin kyamara ba ne.

Ni ina amfani da shi, kada a ce ina kushe shi. Bayan iska mai ƙarfi, kafin in bar kowa ya hau, ina sa a zaga mini rufi da gado. Nan ne nake ganin ya fi kowa amfani, don yana zuwa inda ban yarda in tura ɗan mutum ba tukuna.

Af, ka tambayi Oga ko yana biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, kamar yadda dokar biyan diyya ta 2010 ta ce. In ya yi tari, ka gane.

Na Yerwa ya amsa:

Ku dai kuna da sauƙi. Mu nan tun farkon 2025 sojoji suka hana tada shi a Arewa maso Gabas ba da izininsu ba, saboda 'yan ta'adda sun fara kai hari da shi. In ka tada kurman jirgi a Maiduguri, kafin batir ya ƙare baƙi sun iso. Ni wayata nake ɗaurewa a doguwar gora in zura ta taga, in kunna bidiyo. Ba ta da kyan gani amma ba ta neman takarda.

Mai Duba Aiki ya dawo:

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma don ina so in dawo da labari, ba da godiya kawai ba.

Baba, na bi maganarka. Na je wurin mai unguwa bayan la'asar da goro da ɗan abin sayen ruwa. Ashe kamar yadda ka faɗa, a cike suke. Kafin in gama bayani ya ce dama yana neman hanyar da zai kira ni, don sau biyu ana kawo masa ƙarar masu filasta suna leƙen gidaje, har wata ta daina shanya a tsakar gida. Wallahi ban sani ba, kunya ta kama ni. Ya tara masu gidaje huɗun da ke jikin katangarmu, muka yi magana a zaurensa. Uku suka yarda da sharaɗin a sanar da su tun dare, a yi kafin bakwai da rabi, kuma ɗaya daga cikinsu ya tsaya kusa da mai tuƙi yana kallon allo. Na huɗun, wani dattijo mai sayar da yadi, ya ce shi bai yarda ba ko da me, kuma in ya gan shi a saman gidansa ba zai yi magana da kowa ba, zai yi abin da ya ga dama. Muka ce ɓangarensa ba za a je ba. Na kuma sa an ɗaura buhuna a jikin gadon ta bayan don a tare idon ma'aikata, abin da ya kamata in yi tun watanni.

Na samo mai tuƙi, na ce ya nuna takarda. Na farko ya ce tana ofis, Injiniya na tuna ki na yi dariya, na sallame shi. Na biyu ya turo hotonta. Ya zo ran Asabar ƙarfe bakwai saura, kafin kowa ya hau. Ya shimfiɗa faifansa a bakin titi, yara suka taru kamar ana rabon alewa. Ya yi minti ashirin da biyu a sama.

Ga abin da muka gani. A hawa na biyar, kusurwar arewa, gora biyu sun rabu da bango, tazarar ta kai tafin hannu biyu. Na wuce ta tagar wurin ya fi sau goma ban lura ba, don daga ciki a miƙe suke. A kan rufi akwai bulo goma sha ɗaya da aka jera a bakin dekin, daidai saman inda mai abinci take ajiye tukwanenta. Akwai katako ɗaya a hawa na uku da ya tsage tsawonsa, tsagar ta saman take, an yaɓe ta da busasshen kwaɓi. Maƙwabcin da ke kallon allo shi ya fara nuna ta da yatsa, ashe kafinta ne.

Ga kuma abin da bai gani ba. Da ya sauka, na ce wa babban birkilana mu bi gadon da hannu kamar yadda Baba ya ce. Ɗauri bakwai muka samu suna wasa. Na koma na buɗe hotunan wuraren ɗaya bayan ɗaya, na jawo su kusa har ina ganin murɗin wayar. Duka bakwai ɗin a hoto lafiyarsu ƙalau.

Na tura wa Oga duka biyun, hotunan da lissafin ɗaurin, na haɗa da maganar Injiniya kusan kalma da kalma, sai dai na cire wurin tari. Ya kira ni muka yi kusan awa ɗaya. Bai ji daɗi ba da farko, don ya riga ya gaya wa abokansa zai sayi jirgi. Inda muka tsaya: an fasa saye a bana, mai tuƙi zai riƙa zuwa duk sati biyu da kuma duk bayan iska mai ƙarfi. An sayo bel takwas da huluna ashirin. Gadon ƙarfe ya ce in kawo farashin haya, har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ikon tsayar da aiki ya ba ni da baki, na ce ya rubuto mini a WhatsApp, ya rubuto. Kuɗin yinin leburori in an tsaya kuwa, ya ce "za mu duba".

Leburorin da ke cewa ɗan sandan sama, da na nuna musu hoton bulon da ke saman mai abinci sai suka yi tsit, don a nan suke zama su ci. Amma bel ɗin ya zama sabon yaƙi. Sun ce yana da zafi, yana rage musu sauri, su kuma da yawan bangon da suka shafe ake biyansu. Jiya na hau hawa na huɗu na tarar da biyu sun sa bel ɗin tsaf, igiyar kuma tana reto a bayansu ba a maƙala ta a komai ba. Ɗayan ma a jikin gorar da yake tsaye a kai ya ce zai ɗaura, wadda in ta tafi tare za su tafi.

Injiniya, a gadon gora irin namu, ina ake maƙala igiyar? Na yi tunanin a zura igiya mai kauri ta tagogi a ɗaure ta a fila ta ciki, amma ban san ko gefen bulo zai cinye ta ba. Ɓangaren dattijo mai yadi kuma har yanzu ni nake fita kansa da ƙafata duk safiya, gwiwar tana ƙara ina ƙara.